Ciwon 'Ya Mace Na 'Ya Mace Ne: Yadda Iyaye Mata Ke Riƙe Juna a Kan Shayarwa

Dare na uku bayan haihuwa, a tsakiyar bazara, ɗaki ya ɗau zafi. Mai jego, wadda wannan ne ɗanta na fari, tana zaune a bakin gado, jariri yana ta tsala kuka. Nononta ya cika ya yi tauri, kansa ya fara tsagewa, duk lokacin da yaron ya kama sai ta cije leɓe. Ta tuna cewa a wajen awo an gaya musu kada a ba jariri komai sai nono har wata shida. To amma malamar asibitin da ta faɗi haka tana can gidanta tana barci. Waɗanda ke kusa su ne uwarta, ko uwar mijinta, ko wata maƙwabciya da kukan ya tasa.

Abin da ya fito daga bakin wannan mace ta kusa, shi ne zai yanke hukunci. Idan ta ce, "Ƙishirwa yake ji, ki ɗiga masa ruwa mana, ba kya ganin zafin da ake yi?" to an ɗauki hanya ɗaya. Idan kuwa ta zauna ta ce, "Kawo shi nan, 'yar nan, ni ma haka na yi fama, gyara riƙonsa ki gani," to an ɗauki wata. A irin wannan dare ne ake cin nasarar shayarwa ko a rasa ta, kuma kusan kullum mace ce ke tsaye a kan 'yar'uwarta mace.

Matan ƙasar Hausa ba sa gudun shayarwa. Kusan kowace uwa tana ba ɗanta nono, da yawa har ya kusa shekara biyu kafin yaye, kamar yadda aya ta 233 cikin Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Inda gizo ke saƙar shi ne shayar da nono zalla, wato wata shida na farko ba ruwa, ba koko, ba madarar gwangwani, sai magani idan likita ya rubuta. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2013 ya nuna kashi 17 cikin 100 na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ne kawai ake shayarwa haka. A na 2018 adadin ya hau zuwa kashi 29. An ci gaba, amma har yanzu mafi yawan jarirai suna shan wani abu tare da nono, kuma abin da aka fi haɗawa da shi ruwa ne.

Yadda jiki ke yin nono

Domin a gane amfanin shawarar mace ga 'yar'uwarta, sai an san yadda nono ke samuwa. Idan jariri ya tsotsa, saƙo yana tafiya daga kan nono zuwa ƙwaƙwalwar uwa, sai jiki ya saki sinadarai biyu. Na farko, furolaktin, shi ke sa a ƙera nono, kuma ya fi yawa da dare, shi ya sa shayarwar dare take da muhimmanci. Na biyu, oksitosin, shi ke matse nonon ya zubo. Wannan na biyun yana tafiya da halin zuciyar uwa. Tsoro, zafin ciwo, ɓacin rai da kunya suna iya danne shi na ɗan lokaci, kwanciyar hankali kuwa tana sake shi. Don haka kalma mai daɗi daga wadda ta taɓa shiga halin tana da aiki a jikin mai jego kai tsaye.

Ƙa'idar kuma ɗaya ce: gwargwadon yadda aka zuƙe nono, gwargwadon yadda jiki zai sake yin wani. Idan aka cika cikin jariri da ruwa, ba zai tsotsa sosai ba. Idan bai tsotsa ba, nonon zai ragu. Idan ya ragu, sai uwa ta ce, "Nonona ba ya isarsa," a ƙara masa ruwa ko madara, nonon ya ƙara ja da baya. Da yawan matan da ke ganin ba su da isasshen nono, wannan zagayen ne ya kama su. Hanyar gane gaskiya mai sauƙi ce: jaririn da ya wuce kwanakin farko, yana fitsari sau shida ko fiye a yini da dare, kuma nauyinsa yana ƙaruwa a awo, to yana ƙoshi.

Ciwon kan nono ma yawanci daga kamu yake. Jaririn da ya kama tsinin nono kaɗai zai ji wa uwarsa ciwo, shi kuma ba zai samu abin kirki ba. Kamu mai kyau shi ne ya buɗe baki sosai, ya haɗa da baƙin da'irar da ke kewaye da kan nonon, haɓarsa ta taɓa nono, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, cikinsa yana manne da na uwarsa. Wannan abu ne da ba a koyonsa daga fosta a bangon asibiti. Sai wata ta zauna kusa, ta duba, ta sa hannu ta gyara.

Ruwa da dakashi

Maganar ruwa ita ce mafi wuya, domin daga tausayi take fitowa. Kakar da ke cewa a ba jikanta ruwa ba mugunta take nufi ba, ƙaunarsa take yi, kuma a al'adarmu hana baƙo ruwa abin kunya ne, balle jinjiri. Abin da ya kamata ta ji shi ne cewa nonon uwa kansa kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne. Nonon da ke fara fitowa a kowace shayarwa ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishirwa, na ƙarshe kuma ya fi maiƙo, shi ke ƙosarwa. Binciken da aka yi a ƙasashe masu tsananin zafi irin su Indiya ya tabbatar da cewa jaririn da ake ba nono duk lokacin da ya nema ba ya bukatar ƙarin ruwa. Ruwan randa ko na rijiya kuwa, da kofi ko cokalin da aka ba shi da shi, hanya ce ta shigar ƙwayoyin cutar gudawa cikin hanjin da bai yi ƙwari ba. Idan ana zafi, uwa ce za ta sha ruwa ta ƙoshi, ta ƙara yawan ba da nono.

Sai dakashi, nonon farko mai kauri da launin rawaya. A wurare da dama har yanzu ana matse shi a zubar, ana cewa ƙazanta ne, a riƙa ba jariri ruwa ko madarar dabba har "nono na gaskiya" ya zo. Alhali dakashi cike yake da abubuwan garkuwar jiki da uwa ke miƙa wa ɗanta, kuma ɗan kaɗan ɗin da ke fitowa daidai yake da ƙaramin cikin sabon jariri. Wani bincike da aka yi a karkarar Ghana, aka wallafa a 2006, ya ƙiyasta cewa da za a sa kowane jariri a nono cikin sa'ar farko, da an kauce wa kusan kashi 22 cikin 100 na mutuwar jarirai a watansu na farko.

Abin da aka gwada aka gani

Tunanin cewa uwa ce ta fi iya taimakon uwa ya daɗe, amma tsara shi a ƙungiyance ya faro ne a Amurka. A 1956, lokacin da kwalbar madara ta mamaye gidaje har masu shayarwa suka zama 'yan tsiraru, wasu iyaye mata bakwai a garin Franklin Park kusa da Shikago suka fara taruwa a gidan ɗaya daga cikinsu suna koya wa juna. Daga wannan zama aka samu ƙungiyar La Leche League, wadda yanzu take da rassa a ƙasashe da dama. A 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙaddamar da shirin asibitoci masu kula da shayarwa, mai matakai goma. Mataki na goma ya shafi abin da zai faru bayan sallama: a haɗa uwa da waɗanda za su ci gaba da tallafa mata a gida.

Masu bincike sun auna ko hakan yana aiki. A birnin Daka na Bangaladash, an horar da wasu mata 'yan unguwa waɗanda su ma sun shayar, suka riƙa ziyartar masu ciki da masu jego a gidajensu har sau 15. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2000 ya nuna cewa a wata na biyar, kashi 70 cikin 100 na matan da aka ziyarta suna kan nono zalla, a unguwannin da ba a ziyarta ba kuwa kashi 6 ne kacal. A 2011 mujallar ta sake buga wani gwaji da aka yi a Afirka, inda ziyara biyar kawai aka yi, ɗaya kafin haihuwa, huɗu bayanta. A Barkina Faso, a mako na 12, kashi 79 na matan da aka ziyarta suna shayar da nono zalla, sauran kuwa kashi 35. A Yuganda 82 ne da 44. A Afirka ta Kudu, inda madarar gwangwani ta riga ta kafu, adadin bai wuce 10 da 6 ba, abin da ke nuna cewa idan an bari al'adar shayarwa ta karye, ɗaga ta ba ƙaramin aiki ba ne.

Barkina Faso maƙwabciyar Nijar ce, zafinta irin namu ne, al'adar ba jariri ruwa ma haka. Matan da suka kawo wannan canji ba likitoci ba ne. 'Yan gari ne da aka ba horo na ɗan lokaci, masu jin harshen mai jego, masu shiga har ƙuryar ɗakinta.

Tushen yana nan a gidajenmu

Mu ba sai mun aro tsarin daga wani wuri ba. Mai haihuwar fari takan koma gidan iyayenta wanka. Akwai wadda ke dafa ruwan jego, akwai mai dama kunun kanwa, akwai ungozoma, akwai 'yan barka da ke shiga da fita har ranar suna. Kwana arba'in mai jego tana kewaye da mata. Ga Islamiyyar matan aure, ga zumuntar mata a coci, ga taron adashe, ga rukunin WhatsApp na 'yan uwa. Abin da ya rage shi ne ilimi ingantacce ya shiga cikin wannan da'ira. A 2019 Najeriya ta ƙaddamar da gangamin daina ba jarirai ruwa kafin wata shida, kuma a garuruwa da dama na Arewa da na Nijar an kafa ƙungiyoyin iyaye mata da ke zama a kan ciyar da yara. Irin wannan zama ya fi armashi idan mata goma zuwa goma sha biyar ne, a kan tabarma ɗaya, masu ciki da masu goyo tare, kowa ta faɗi abin da ya dame ta ba tare da an yi mata dariya ko faɗa ba.

Kuskure ne babba a bar kakanni a waje. Yarinyar da ta haihu a gaban uwar mijinta ba za ta iya ce mata a'a ba, tarbiyya ba ta ba ta wannan damar ba, ga kuma kunyar ɗan fari da ke hana ta nuna damuwa da yaron a gaban manya. Amma idan tsohuwa ce ta ji bayani daga tsararta, ta ga jikan maƙwabciya ya yi ɓul-ɓul ba tare da ya taɓa kurɓar ruwa ba, ita da kanta za ta zama mai gadin jaririn. Mazaje ma suna da rabonsu: abinci mai kyau ga mai jego, rage mata aiki, da ba ta izinin zuwa taron.

Taimakon juna yana da iyaka, kuma mai taimako ta gari ta san iyakarta. Idan nono ya kumbura ya yi ja, uwa tana zazzaɓi, ko jariri ya ƙi kama nono sam, jikinsa ya saki, ko idonsa ya yi rawaya, ko ba ya fitsari, wannan na asibiti ne ba tare da jinkiri ba. Uwa mai ɗauke da cutar HIV tana bukatar shawarar ma'aikatan lafiya da shan magani a kan kari. Wadda kuma lalura ta hana ta shayarwa, ita ma 'yar'uwa ce, rarrashi take bukata da jagora, ba gori ba.

Ƙiyasin da Lancet ta fitar a 2016 ya ce inganta shayarwa a duniya zai iya ceto yara fiye da 800,000 a kowace shekara. Adadi ne mai girma, amma ɗaki-ɗaki ake tara shi. Duk macen da ta taɓa shayarwa tana riƙe da abin da wata ke nema a daren nan. Idan kin je barka, bayan kin ajiye sabulu da turmin zane, ki ɗan zauna. Ki tambaye ta yaya nonon, ki kalli yadda yaron ke kamawa, ki gaya mata irin wuyar da ke ma kika sha da yadda ta wuce. Ki kuma dawo jibi, domin ranar suna gidan cike yake, amma a dare na uku ita kaɗai ce da kukan ɗanta.