Kada Ka Sallami Mai Gyara Sai Kwamfuta Ta Ba Da Shaida

A watan Mayun 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi afuwar ɗalibai 379,997 da aka ce su sake rubuta jarrabawa. An yi wa manhajar jarrabawar gyara, gyaran bai kai ga wasu uwayen garke ba, kuma ba a farga ba sai da sakamako ya fito. Aiki ne aka yi, ba a bi sawunsa ba.

Wannan darasi ne ga masu shagon kwamfuta da makarantu a Fagam, Gwaram da Birnin Kudu. Ka aika Kano an sayo maka furosesa da RAM, mai gyara ya saka, fanka ta juya, fitila ta yi kore, ya ce, "Alhaji, an gama." Idan ka biya a nan, ka yi cinikin biri a sama.

Kafin ya tashi, ku shiga BIOS tare. A nan injin zai faɗi sunan furosesar da yawan RAM ɗin da yake gani. Ɗauko rasit ka gwada. In ka biya kuɗin giga 32 amma 16 ya nuna, ko dai sandar RAM ɗaya ba ta zauna a raminta ba, ko ta mutu. A uwar garke mai gurbin furosesa biyu, kowace furosesa da nata ramukan RAM. Duk RAM ɗin da aka soka a ɓangaren da babu furosesa, injin ba zai gan shi ba. Duba kuma ko RAM ɗin mai ECC ne, wato irin wanda yake gyara ƙananan kurakurai da kansa.

Ganin adadi bai isa ba. Sanda mai rauni takan yi lafiya da safe, ta ba ka kunya ana tsakar aiki. A sa manhajar MemTest86 a filasha, a bar ta ta kwana tana gwaji, bisa wutar sola ko janareta da ba za ta yanke ba. Kuskure ko ɗaya ya fito, a mayar da kayan.

Sai zafi. Tambayi mai gyara ko ya goge tsohon man sanyaya da ke kan furosesa ya shafa sabo, domin ƙurar hunturu da zafin bazara ba sa raga wa inji.

Ku yi sharaɗi tun farko: rabin kuɗi yau, ragowar sai gwaji ya kwana lafiya.