MUHAWARAR SHIGE DA FICE A BIRTANIYA DA ZARGIN WARIYAR LAUNIN FATA

Gabatarwa

Babu mai musun cewa kowace ƙasa mai 'yancin kanta tana da ikon tsare iyakokinta, ta kuma zaɓi wanda zai shiga cikinta. Inda gardama take tasowa shi ne wajen ma'aunin da za a yi wannan zaɓi da shi. Masu neman a tsananta su kan ce abin da ya dame su yawan baƙi ne da ƙarancin gidaje da aikin yi. Abokan hamayyarsu kuwa su kan ce wannan duk fakewa ce da guzuma a harbi karsana, launin fatar baƙin ne ake ƙi. Tarihin Birtaniya daga 1948 ya isa misali ga mai son fahimtar wannan jayayya, domin a can an yi ta a majalisa da kotu da kan titi.

Buɗe Ƙofa da Rufe Ta

A shekarar 1948 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta tabbatar wa mutanen ƙasashen da take mulka, da na ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, ikon shiga ƙasar su zauna su yi aiki. A watan Yuni na wannan shekara jirgin ruwan nan mai suna Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan mutane daga Jamaika da maƙwabtanta a tashar Tilbury. Ƙasar ta fito daga yaƙi ke nan, tana bukatar ma'aikata a asibitoci da jiragen ƙasa da masaƙu. Daga baya mutanen Indiya da Pakistan suka biyo, haka kuma ɗalibai da ma'aikata daga Nijeriya da Gana.

Ba a daɗe ba aka fara gunaguni. A 1958 samarin Turawa suka far wa baƙaƙen fata a unguwar Notting Hill ta Landan da garin Nottingham. A 1962 gwamnatin Jam'iyyar Masu Ra'ayin Riƙau ta yi dokar da ta wajabta wa mai zuwa neman aiki ya sami takardar izini tukuna. Jam'iyyar Leba, a ƙarƙashin Hugh Gaitskell, ta yi tir da dokar, ta ce wariya ce. Amma da ta hau mulki a 1964 ba ta soke ta ba, sai ma ta ƙara rage yawan takardun.

Dokar 1968

A nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin wannan doka ita ce ta fi bayyana yadda al'amarin yake aiki. Akwai dubban Indiyawa mazauna Kenya waɗanda, lokacin da ƙasar ta sami mulkin kai a 1963, suka riƙe fasfo ɗin Birtaniya maimakon na Kenya. Da gwamnatin Kenya ta fara ƙuntata musu wajen kasuwanci da aikin gwamnati, sai suka nufi ƙasar da suke ɗauke da fasfonta. Cikin 'yan kwanaki kaɗan gwamnatin Leba, ta hannun Ministan Cikin Gida James Callaghan, ta zartar da sabuwar doka a farkon watan Maris na 1968.

Ko sau ɗaya dokar ba ta ambaci launin fata ba. Abin da ta ce shi ne, mai fasfon Birtaniya ba zai shiga kai tsaye ba sai in shi kansa, ko ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa, an haife shi a Birtaniya ko ya zama ɗan ƙasa a cikinta. To, wane ne yake da kaka haifaffen Ingila? Baturen da ke noma a Kenya yana da shi. Ba'indiyen da ke da kanti a Nairobi ba shi da shi. Watau an tace mutane da rariyar da aka san wanda za ta tare. Sauran kuwa aka ware musu takardun shiga 1,500 kacal a shekara, na magidanta. A 1973 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta binciki ƙarar waɗansu daga cikinsu, ta ce dokar ta nuna bambancin launin fata, har ya kai ga wulaƙanci.

Makonni kaɗan bayan dokar, ran 20 ga Afrilu 1968, wani babban ɗan majalisa na Masu Ra'ayin Riƙau, Enoch Powell, ya yi jawabi a Birmingham yana hasashen zubar da jini in ba a tsai da shigowar baƙi ba. Kashegari shugaban jam'iyyarsa, Edward Heath, ya tuɓe shi daga muƙaminsa. Sai ga leburorin tashar jiragen ruwa ta Landan sun yi jerin gwano suna goyon bayan Powell. Wannan ya nuna wa 'yan siyasa cewa akwai ƙuri'a a cikin maganar, kuma ba su manta da darasin ba. Dokar 1971 ta ɗora a kan waccan dabara ta iyaye da kakanni, ta haka ƙofa ta zauna a buɗe ga jikokin Turawa na Kanada da Ostareliya.

Hujjojin Ɓangarorin Biyu

Adalci ne a faɗi cewa ba duk mai neman a rage baƙi ne mai wariya ba. Baƙi su kan taru a unguwannin talakawa, inda makarantu da gidajen haya suka riga suka yi kaɗan, kuma talaka ne yake jin matsin. Ita ma gwamnati ta ce tana taƙaita shigowa ne domin waɗanda suka riga suka shigo su zauna lafiya. Shi ya sa ta haɗa da dokokin hana wariya a 1965 da 1968 da 1976. Har ila yau, lokacin da Idi Amin ya kori Indiyawan Yuganda a 1972, gwamnatin Heath ta karɓi kimanin 28,000 daga cikinsu duk da surutun jama'a.

Masu zargi kuwa hujjarsu mafi ƙarfi ita ce abin da ya faru daga baya. Daga 2012 gwamnati ta ɗauki manufar ƙuntata wa marasa takardu, ta ɗora wa masu gidajen haya da masu ɗaukar ma'aikata nauyin duba takardun mutane. Wannan ya faɗa kan tsofaffin da suka zo tun suna yara kafin 1973, waɗanda doka ta ba su ikon zama amma ba a taɓa ba su shaida a rubuce ba. Waɗansu suka rasa aiki, waɗansu aka hana su magani, aka kuma fitar da aƙalla 83 daga ƙasar bisa kuskure. Asiri ya tonu a 2018, Ministar Cikin Gida Amber Rudd ta yi murabus. Rahoton binciken da Wendy Williams ta gabatar a 2020 ya ce ma'aikatar ta nuna jahilci da rashin kula game da batun launin fata da tarihin mutanen nan.

Muhawarar ba ta mutu ba. A 2022 mutane fiye da 45,000 suka ƙetaro teku daga Faransa cikin ƙananan kwale-kwale, gwamnati kuma ta shirya tura masu neman mafaka Ruwanda. Kotun Ƙoli ta ce shirin ya saɓa wa doka a Nuwamba 2023, gwamnatin Keir Starmer ta soke shi a Yuli 2024. Abin lura, waɗanda suka shiga da biza ta halal a 2022 sun ninka na kwale-kwale sau da yawa, amma kwale-kwalen ne suka cika jaridu.

Kammalawa

Darasin da ke cikin wannan tarihi ya shafi ma'aikacin gwamnati a ko'ina. Kalmomin doka kaɗai ba su isa a wanke ta ko a kama ta da laifi ba. Sai an duba a kan wa ta faɗa, da abin da masu yin ta suka sani lokacin da suke rubuta ta. Haka kuma jefa wa kowane mai ƙorafi kalmar wariya ba ya gina gida ko makaranta, sai dai ya tura shi hannun irin su Powell.

Afirka ta Yamma ma ba ta tsira daga wannan jarrabawa ba. Gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana a 1969, cikinsu har da Hausawan zango da Yarabawa waɗanda aka haifa a can; gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu daga Nijeriya a 1983, mafi yawansu mutanen Gana. A nan babu bambancin launi, amma duka biyun sun zo ne lokacin da tattalin arziki ya taɓarɓare. Idan abinci ya yi kaɗan a akushi, hannun baƙo aka fi gani, ko da shi ya taya noma.