Koyon Ingilishi: kalmar "will" ta shawarar nan-take ce, kuma ta alkawari

A filin koyon Ingilishi na wannan mako mun taɓo wata ƴar ƙaramar kalma, "will", kuma da yawanku kun nemi mu rubuta bayanin don a riƙa komawa gare shi. To, ga shi.

Abin da ya sa muka ɗauko ta shi ne labarin da wani mai saurarenmu, ɗan kasuwa da ke saro kaya a Kumasi, ya ba mu. Mai ba shi kaya ya tambaye shi cikon kuɗi, shi kuma ya rubuta masa "I will send it on Friday". A ransa yana nufin in hali ya yi zai aika ranar Juma'a. Juma'a ta wuce bai aika ba. Mutumin ya ce an karya masa alkawari, daga ranar ya daina ba shi kaya bashi. Kun ga kalma guda ta taɓa amana.

A kwaleji an koya mana cewa "will" ita ce ta lokaci mai zuwa, kamar "zan" a Hausa. Gaskiya ne, amma bayanin bai cika ba. Masu Ingilishi na da manyan hanyoyi biyu na maganar abin da bai faru ba tukuna: "will" da "going to". Abin da ya raba su shi ne lokacin da mutum ya yanke shawara.

In shawarar yanzu ta zo maka, kana cikin magana, "will" za ka sa. Salula ta yi ƙara, ka ce "I'll answer it", wato bari in ɗauka. Kana kasuwa an faɗa maka farashi ya yi maka, ka ce "I'll take two", a ba ni biyu. Ka ga dattijuwa da kaya niƙi-niƙi, ka ce "I'll carry it for you", kawo in ɗaukar miki. Duk waɗannan ba ka fito gida da niyyarsu ba.

A nan ne mu da muka yi karatu da Faransanci muke yawan tuntuɓe. Bafaranshe a shago cewa yake "je le prends", sai mu juya shi kai tsaye mu ce "I take it". Za a gane ka, amma ba haka masu harshen ke faɗi ba. "I'll take it" ake cewa.

In kuwa tun da can ka ƙulla niyyar, "going to" ce daidai. Manomin da ya riga ya tanadi iri zai ce "I'm going to plant millet this year", bana gero zan shuka. Dabarar mai sauƙi ce, ka tambayi kanka: yaushe na yanke wannan shawara? In yanzun nan ne, "will". In tun jiya ne ko tun bara, "going to".

Sai babban aikinta, wato alkawari. Duk lokacin da ka dubi mutum ka ce "I'll pay you on Friday", ka ɗaure kanka ke nan, ranar Juma'a zai jira ka. Kishiyarta ita ce "won't", gajeren "will not". "I won't tell anyone" na nufin ba zan gaya wa kowa ba, shi ma alkawari ne. Mu mun saba mu ƙara "in sha Allah", kuma ya dace, amma faɗinta ba ta sauke nauyin maganar da ka ɗauka. Mai gidan aikinka a Amurka ko abokin cinikinka a Akara ranar da ka ambata zai riƙe.

To in ba ka da tabbas fa? Akwai mafita. Ka ce "I'll try", zan yi ƙoƙari. Ko "I might come", mai yiwuwa in zo. Ko ka gindaya sharaɗi: "I'll send it if I get paid", zan aika in an biya ni. Da ɗan kasuwarmu ya rubuta wannan ta ƙarshen, da har yanzu yana karɓar kayansa. Ƴan uwa mazauna ƙetare masu yi wa mutane alkawarin aike, wannan taku ce.

Game da ginin jimla, abu uku za ku riƙe, musamman ɗalibai masu shirin jarrabawar BEPC. Na ɗaya, "will" ba ta sauyawa, ko mace ko namiji, ko ɗaya ko jama'a: "she will come", "they will come". Ba a sa "to" bayanta, ba a ƙara "s" a jikin aikatau. Na biyu, a baki ana taƙaita ta: "I will" ta koma "I'll", ana furta ta kamar "ail". In ka ji mutum ya faɗe ta cikakkiya da ƙarfi, to jaddada maganarsa yake yi. Na uku, ba a sa "will" bayan "when" ko "if" a irin wannan jimla: "When I arrive, I'll call you". Faransanci na cewa "quand j'arriverai", shi ya sa yara ke rubuta "when I will arrive" su rasa maki. A nan Hausarku za ku bi. Ai ba mu cewa "in zan isa zan kira ka", cewa muke "in na isa zan kira ka". Haka Ingilishi ma yake.

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa. Ku juya mana waɗannan zuwa Ingilishi: "Bari in buɗe ƙofa", "Ba zan manta ba", da "In damina ta faɗi zan dawo gida". Ku aiko da amsoshinku kamar yadda kuka saba, za mu karanta su a cikin shirin tare da gaisuwarku. Wannan kuma alkawari ne muka ɗauka. Allah ya kai mu.