3.4 Dangantakar Nijeriya da Ƙasar Sao Tome da Principe

A wannan sashe za a duba yadda hulɗa ke gudana tsakanin babbar ƙasa da ƙaramar ƙasar tsibiri, ta hanyar ɗaukar misali daga maƙwabtanmu na cikin teku. Sao Tome da Principe tsibirai ne guda biyu a mashigin tekun Gini, kudu da gaɓar Nijeriya, waɗanda suka sami 'yancin kai daga Fotugal ranar 12 ga Yuli, 1975. Faɗin ƙasar kusan murabba'in kilomita 1,000 ne, watau bai kai na Ƙaramar Hukumar Faskari ba. Yawan jama'arta kuwa ya ɗan haura 200,000, kwatankwacin mutanen Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara a ƙidayar 2006. Koko shi ne babban abin da take sayarwa a waje.

Abin da ya haɗa ƙasashen biyu a teburin shawara shi ne man fetur da ake kyautata zaton yana kwance a ƙarƙashin ruwan da ke tsakaninsu. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa ikon cin gajiyar arzikin teku har mil 200 daga gaɓarta, amma tazarar da ke tsakanin Nijeriya da tsibiran ba ta isa kowa ya sami cikakken rabonsa ba. Sao Tome ta nemi a ja iyaka a tsakiya daidai wa daida. Nijeriya ta ƙi, bisa hujjar cewa ba a daidaita doguwar gaɓa irin tata da ta ƙananan tsibirai. Da aka kasa cimma matsaya kan iyakar, sai aka jingine batunta. Ranar 21 ga Fabrairu, 2001, a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo da Shugaba Miguel Trovoada, aka sa hannu a Abuja kan yarjejeniyar haɗin gwiwa ta shekara 45, wadda ta ba Nijeriya kashi 60 cikin 100 na amfanin yankin da ake taƙaddama a kansa, Sao Tome kuma kashi 40. Hukumar da ke kula da yankin ma a Abuja aka kafa hedikwatarta.

Idan aka duba yawan jama'a, kashi 40 rabo ne mai tsoka. To amma a ra'ayin wannan bincike, ba nan gizo ke saƙa ba. Ruwan da aka raba, ruwa ne da Sao Tome ke ganin nata ne tun farko, sai dai ba ta da jiragen yaƙin da za ta tsare shi, ba ta kuma da kuɗin da za ta haƙo abin da ke ƙarƙashinsa. Ke nan ta sallama kaso mafi girma ne domin ta sayi zaman lafiya da kariyar maƙwabciyarta.

Ba a daɗe ba aka ga amfanin wannan kariya. Ranar 16 ga Yuli, 2003, sojoji a ƙarƙashin Manjo Fernando Pereira suka ƙwace mulki, alhali Shugaba Fradique de Menezes yana halartar taro a Abuja. Nijeriya da wasu ƙasashe suka matsa lamba, kuma bayan mako guda Obasanjo ya raka shi gida da kansa, ya koma kan kujerarsa. Da wuya shugaban da aka yi wa irin wannan rakiya ya ɗaga murya a shawarar da za ta biyo baya.

Ta fuskar ciniki kuwa, abin bai yi armashi ba. Kamfanonin ChevronTexaco da ExxonMobil da abokin hulɗarsu sun biya dala miliyan 123 a matsayin kuɗin kafin alƙalami na filin farko, Sao Tome ta sami kimanin miliyan 49. An haƙa rijiya a 2006, an kuma tarar da mai, amma bai kai yawan da zai biya wahalar haƙarsa ba. Kamfanin Total da ya karɓi filin daga baya shi ma ya janye a 2013.