Wayar Ɗalibi da Darajar Mace



Idan ɗanku ya bar Tahifet zuwa jami'ar Tamanrasset, ko ya gangara Agadas ko Yamai neman ilimi, kukan haɗa masa guzuri, ku saya masa waya don ku riƙa jin lafiyarsa. To, tun da intanet ta 3G ta shigo Aljeriya a ƙarshen 2013, ta 4G kuma a 2016, wannan waya ta zama ƙofar da fina-finan batsa ke bi har shimfiɗarsa. Babbar ɓarnarsu ita ce yadda suke sauya kallon da saurayi ke yi wa mace.

Ku fara sanin abin da ke cikinsu. A shekarar 2010, masu bincike a Amurka sun tantance fage 304 daga finafinan batsa da suka fi kasuwa. Kashi 88 cikin 100 na ɗauke da cin zali kamar mari ko shaƙewa, kusan rabi kuma da zagi. Mafi yawan waɗanda ake yi wa mata ne, ana kuma nuna su kamar abin bai dame su ba, ko ma suna jin daɗinsa. Saurayin da bai taɓa aure ba, wanda ba a taɓa zaunar da shi an yi masa bayani ba, sai ya ɗauka haka zaman namiji da mace yake.

Illar ba ta tsayawa a ido. A 1982, malamai biyu, Zillmann da Bryant, sun nuna wa ɗaliban jami'a irin waɗannan finafinai na kusan awa biyar cikin mako shida. Da aka karanta musu labarin shari'ar fyaɗe, hukuncin ɗaurin da suka ga ya dace da mai laifin ya kusa rabin wanda waɗanda ba su kalla ba suka yanke. Wato tausayin wadda aka zalunta ya ragu. A 2016 kuma aka haɗa bincike 22 daga ƙasashe 7, aka ga masu yawan kallo sun fi aikata cin zarafi da baki ko da ƙarfi.

Wannan ba ya nufin duk wanda ya kalla zai zama mai fyaɗe. Haɗarin ya fi yawa ga wanda da ma yake raina mata, ko abokansa ke yi masa kirari a kan haka. Shi ya sa tarbiyyar gida take da nauyi ƙwarai.

Ku lura da alamu: kwana kan waya, barcin rana, faɗuwar sakamakon jarrabawa, kalaman ƙasƙanci ga ƙannensa mata, ko ɗaukar "a'a" ɗin mace a matsayin jan aji. Ku tuna masa cewa dokar Aljeriya ta Disamba 2015 ta sa tsangwamar mace a bainar jama'a laifi ne da ke kai mutum kurkuku.

Kai mahaifi, ƙwace waya da duka ba sa magani, ɓoyewa kawai suke koyarwa. Ka keɓe da shi, ka gaya masa cewa abin da yake gani wasa ne da aka shirya don kuɗi. Ya kuma ga yadda kake mutunta mahaifiyarsa, domin wannan ne darasinsa na farko. Ke uwa, ki saurari 'yarki idan ta kawo ƙara, kada ki fara da ɗora mata laifi. Kai mai shagon waya, kada ka tura wa yaro irin wannan a memori, ko nawa ya biya.

Kai kuma saurayi, idan ka yi ta ƙoƙarin bari ka kasa, har karatu da ibada suka taɓu, ka sani Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kasa shawo kan sha'awa cikin jerin larurorin da ake kula da su. Ka zo asibiti, za mu saurare ka cikin sirri, ba tare da tozarci ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.