Abin da Ya Kamata Ku Sani Kan Ɗinka Kyautar Sallah da Ragowar Atamfa

Turmin atamfa yadi shida ne, kuma da wuya ɗinki ya cinye shi tas. Inda aka fitar da wuya da hammata, inda aka yanka siket don ya buɗe daga ƙasa, ko'ina sai an bar guntu. Duk wanda ya leƙa shagon tela a goman ƙarshe na azumi ya san makomar guntayen nan: tsibi a ƙarƙashin tebur, daga nan cikin buhu, daga nan bola. Alhali da kuɗinku kuka saye su. Idan kuna so a dawo muku da su, ranar da kuka kai ɗinki za ku faɗa wa tela, ba ranar karɓa ba, don a daren Sallah ba shi da lokacin tono muku ƙyalle a cikin na mutum hamsin.

Da waɗannan ƙyallaye ana iya fitar da ƙananan kyaututtuka masu kyau, da allura da zare kawai ko da keken ɗinki na gida. Amma mu faɗi gaskiya tun da wuri: ba za su maye gurbin barka da Sallah ba. Yaron da ya zo yawon Sallah sabuwar takardar kuɗi yake jira, kuma yana da gaskiyarsa. Kyautar ɗinki ta kaka ce da gwaggo, ta malamar Islamiyya, ta ƙawar da ta haihu, ta maƙwabciyar da ke aiko muku da abinci ranar Kirsimeti kuna aika mata ranar Sallah. Mutane ne da ba a iya miƙa musu ɗari biyar a hannu, kuma ba a son a je musu hannu rabbana.

Abin da ke raba kyauta da tsumma ba ƙwarewar ɗinki ba ce sosai. Zaɓen ƙyalle ne, da yanka a miƙe, da guga. Mu fara da ƙyallen.

Ba duk abin da ake kira atamfa ne auduga ba. Da yawa daga masu arahar da suka cika kasuwa a yau an haɗa su da zaren roba, wasu ma robar ce zalla. Gane su ba wuya. Ku yanki ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa, ku riƙe da cokali mai yatsu a kan kwanon ruwa, ku kusantar da ashana. Auduga takan ci da wuta da ƙauri irin na takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa. Roba kuwa ƙanƙancewa take yi ta narke, ta bar ɗan baƙin ƙullutu mai tauri. Wannan gwajin ba na wasa ba ne idan abin da za a ɗinka zai kusanci wuta. Abin sauke tukunya da aka yi da ƙyallen roba zai iya narkewa ya manne a hannun mai girki, kyauta ta zama jinya.

Bayan haka sai wanki. Auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko, wasu atamfofin kuma suna zuba, musamman ja da shuɗi mai duhu. A jiƙa kowane launi daban, a wanke, a shanya a inuwa, a goge tun da sauran ɗan danshi. Wanda ya haɗa ƙyallen da aka taɓa wankewa da sabo fil zai ga abin ya karkace ranar da aka fara wanke shi, don gefe ɗaya ya tsuke ɗayan bai tsuke ba. Shadda ma haka, sai dai wanki yana rage mata ƙyalli, don haka a ajiye ta don abin da ba a yawan wankewa. Leshi da yadi mai santsi kuwa a bar wa gwanaye, suna zamewa a ƙarƙashin allura su sa ɗan koyo ya tsani ɗinki.

Wajen awo, telolin Najeriya da inci suke aiki, na Nijar da santimita, kuma yawancin tef ɗin awo yana da duka biyun, ɗaya a kowace fuska. Inci ɗaya santimita biyu da rabi ne da 'yan kai, yadi kuma inci 36. A zana layi da alli a bayan ƙyalle kafin a sa almakashi, a bi tsayin zaren saƙa, kada a yanka a karkace. Bakin atamfa inda ake buga sunan kamfani a yanke shi a yar. Na san akwai masu son a ga rubutun don a san 'yar Holan ce, amma a jikin 'yar jaka ba ya yin kyau.

Abu mafi sauƙi, kuma mafi amfani a ganina, shi ne jakar zuge. A yanki ƙyalle mai faɗin inci 8 da tsayin inci 22. A ninka tsayin gida biyu, fuskar mai kyau tana ciki, a ɗinke gefe biyu da barin rabin inci daga baki, amma a tsaya saura inci biyu da rabi a kai sama. Bakunan da suka rage a buɗe a kalmashe su ciki a bi da ɗinki. Sai a lanƙwasa saman kowane ɓangare, da farko kwatan inci, sannan inci ɗaya, a goge, a ɗinke. Ƙubaka ke nan, irin ta wando. A juya jakar, a ɗaura igiya a jikin fil mai kulle a zura ta zagaye, a ƙulle bakinta. Shi ke nan. Carbi zai shiga, kwalbar turare za ta shiga, dabino ko alawa ko goron da za a kai wa tsohuwa duk za su shiga, jakar kuma ta zauna bayan an cinye abin da ke ciki. Abu ɗaya za a kula: idan zanen atamfar yana da sama da ƙasa, kamar fure mai kara ko tsuntsu, ninka ƙyalle ɗaya zai sa ɓangare guda ya kife. A nan sai a yanka biyu masu inci 8 da 11 da rabi, a haɗa su ta gindi.

Wanda ba shi da keke kada ya karaya. Ɗinkin hannu mai ƙarfi shi ne na komawa baya: allura ta fito, a koma da ita ta shiga inda ɗinkin baya ya ƙare, ta fito gaba kaɗan. Idan aka yi shi ƙanana a jere, yana riƙewa kusan kamar na keke. Zaren kada ya wuce tsayin kamu ɗaya da rabi, in ya yi tsawo sai ya riƙa harɗewa.

Rigar filon kujera ita ce ta biyu, kuma ba ta buƙatar zif ko maɓalli. Ga filo mai inci 16 kowane gefe, a yanki faɗin inci 17 da tsayin inci 38. A kalmashe gajerun bakunan biyu, rabin inci sau biyu, tsayi ya koma 36. A shimfiɗa fuskar mai kyau tana sama, a naɗo bakunan zuwa tsakiya har ɗaya ya hau kan ɗaya da inci 4, abin ya zama inci 16. A ɗinke sama da ƙasa, a juya. Ta wannan tsagar ta baya ake cusa filon. Wannan tana son ƙyalle babba, don haka ta fi dacewa da wanda yadi guda ya rage masa. Idan guntaye ne ƙanana, a yanka su murabba'i daidai wa daida, a jona su layi-layi, ana goge kowane haɗi kafin a ƙara wani. Launi biyu ko uku sun isa. In sun wuce haka ido ba ya samun wurin hutawa, sai a raba su da farin yadi ko baƙi.

Jakar Islamiyya ta yara tana son ɗan ƙarin aiki saboda nauyin littattafai. Ƙyalle biyu masu inci 14 da 16, da shafi na yadi mai kauri a ciki. Hannun shi ne inda irin wannan jaka ke mutuwa: a yanki inci 4 da 24, a ninka huɗu ta tsayi a goge a ɗinke, sannan inda ya haɗu da jaka a yi masa ɗinkin murabba'i a gicciya a ciki. Idan Alƙur'ani za a riƙa sakawa, aikin da gafakar fata ke yi wa almajirai tun da can, mutane da yawa sun fi son ƙyalle marar hoton dabba ko tsuntsu, kuma ragowar shaddar maigida ta fi kowanne dacewa.

Abin sauke tukunya murabba'i ne mai inci 8, auduga zalla sama da ƙasa, da ninki biyu na tsohon tawul a tsakiya, a bi shi da ɗinki daga kusurwa zuwa kusurwa don kada cikin ya taru wuri ɗaya. Ribom ɗin 'yan mata kuwa ƙyalle ne mai inci 4 da 20, a ɗinke shi kamar bututu, a zura roba mai inci 8, a haɗe bakuna. In aka yi shi da ragowar atamfar da yarinya za ta sa ranar Sallah, ba sai an tambaye ta ko ta ji daɗi ba. Duk abin da za a yi wa jariri ko mai rarrafe, kada a sa masa maɓalli ko duwatsun ado ko doguwar igiya, don komai baki suke kaiwa.

Guga kuwa ba a barin ta sai ƙarshe. Kowane layi aka ɗinka a buɗe shi a danne da dutsen guga kafin a wuce gaba, a datse kusurwoyi kafin a juya, a tsinke zaren da ke reto. Telolin da ɗinkinsu ke zama a jiki, ku lura, dutsen gugarsu ba ya hucewa.

Sai lokaci. Goman ƙarshe na azumi ba lokacin koyon ɗinki ba ne, ga ibada ga girki ga kitso da lalle. Wanda ke son kyautar Ƙaramar Sallah ya fara a Sha'aban da ragowar bara. Ragowar bana kuma ta jira Babbar Sallah, tunda tsakaninsu kusan kwana saba'in ne. Idan babu ragowa ko kaɗan, yadi ɗaya na auduga daga Kantin Kwari ko kasuwar garinku ya wadatar: mai faɗin inci 45 zai fitar da jakar zuge takwas, biyu a kowane layi, layi huɗu, har da ɗan saura da za a yi ribom ɗaya da shi.