Tafiyar Ƙafa a Ƙasar Matameye: Daɗinta da Wuyarta

Turawa masu yawon buɗe ido sukan goya jaka su yi makonni suna ratsa karkara a ƙafa don nishaɗi kawai. A ƙasar Matameye kuwa, larura ce ta koya wa mutane wannan tafiya tun kaka da kakanni. Fatake sun bi ta wannan yanki da jakuna daga Damagaram zuwa Daura da Kano, madugu na tsara musu zango. 'Yan cirani sun bi bayan girbi, almajirai sun bi malamansu, wasu kuma sun nufi Makka ta Chadi da Sudan, suka yi shekara da shekaru kafin su ga Bahar Maliya.

Duk wanda zai gwada yau, ya fara duba lokaci. Da damina gonaki sun rufe ko'ina, sai burtali, ga sauro ga ruwa kwance a fadama. Da bazara rana ba ta da wasa: daga hantsi zuwa la'asar ba a takawa. Daga kaka zuwa hunturu ne hanya ke da daɗi, sai dai sanyin asuba da hazo mai tsattsage leɓe. Mai ƙarfin ƙafa, idan ya yi sammako, yakan ci kilomita 25 zuwa 30 a yini.

Daɗin kuwa akwai shi. Ƙasar Matameye da Magarya da Mirya ta yi suna da gawo, wanda manoma suka bari ya sake tofowa a gonakinsu tun daga shekarun 1980. Gawo na zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, don haka inuwarsa na nan daidai lokacin da matafiyi ke nemanta. Ka gangara fadamun Korama ka tarar da rake da rogo da albasa, mai lambu ya sare maka kara guda ya ce ka jiƙa maƙoshi. Amma babban abin da ke riƙe matafiyi a nan shi ne yawan jama'a. Ƙauyuka sun yi kusa da juna, da wuya ka yi dogon taku ba ka ji sautin turmi ba. Ka isa gari da magariba, ka yi sallama a masallaci, a kai ka wurin mai gari. Za a ba ka ruwan alwala da tabarma a zaure, kafin isha'i kwanon tuwo ya fito daga gidan da ba ka san mai shi ba. "Baƙo, daga ina? Ina aka nufa?" Tambayar ke nan, kuma amsarta ce kuɗin masaukinka. A ganina mai wucewa a mota bai san ƙasar nan ba, kwalta kawai ya sani.

Wuyar daga ƙafa take farawa. Rairayin jigawa na cinye ƙarfi, taku uku kamar biyu. Ƙarangiya ta manne a wando, ƙaya ta huda takalmi, diddige ya yi faso. Sai kaya: gora ko jarka, buta, bargo, dawo da ƙuli-ƙuli da dabino na guzuri. Kowace lita ta ruwa kilo guda ce a kafaɗa, kuma ita ce kayan da ba a ragewa. Da dare a kakkaɓe shimfiɗa saboda kunama.

Inda gari da rijiya suka ƙare, nan tafiya ke komawa halaka, kuma mutanen Kance, a nan ƙasar Matameye, sun san haka fiye da kowa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu daga wannan yanki. Motocinsu ne suka lalace, suka bazu a ƙafa neman ruwa, ƙishirwa ta gama da su. Mutane ne da suka saba da tafiya da ɗaukar kaya, amma a ƙasar da ake samun ƙofar da za a yi sallama.

Ko a gida ma zamani ya sauya. Labarin 'yan bindiga daga Katsina da kudancin Maradi ya sa baƙon fuska mai jaka a baya ba ya samun sakin fuska irin na da, wani ƙauyen sai an yi masa tambayoyi kafin a ba shi ruwa. Iyakar Ɗan Barto, tsakanin Nijar da Najeriya, ta sha rufewa, a 2019 da kuma bayan juyin mulkin 2023, har mutane suka koma bin hanyoyin daji. Mai niyyar tafiya ya riƙe katin ɗan ƙasarsa, ya sanar da jandarma idan zai kusanci iyaka, kada ya shiga gari bayan duhu, kuma kafin ya tashi da asuba ya tambayi mai masaukinsa sunan wanda zai sauka wurinsa a zango na gaba.